Faifan da Ya Karce: Tsofaffin Kiɗe-kiɗen Karebiyan da Tarihin Sauraro a Diko da Kewayen Suleja

Tsakure

Tun wajejen ƙarshen shekarun 1990 wasu ƙananan kamfanonin faifai na Turai da Amurka suka shiga bin ƙasashen Karebiyan da na Afirka ta Yamma suna tono tsofaffin faya-fayan rege da fank da sol, su gyara sautinsu, su sake fitar da su kasuwa. Wannan maƙala ta faro daga kundin waƙoƙin ƙasar Beliz da aka fitar a 2005, ta biyo hanyar da kiɗan Karebiyan ya bi ya iso Nijeriya, sannan ta yada zango a Diko da kewayen Suleja, inda jama'a suka daɗe suna sauraronsa. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ma'aunin masu tono, wato ƙarancin faifai da lafiyar jikinsa, ba ya yi wa mai nazarin al'ada aiki a gari irin Diko. A nan faifan da ya karce da kaset ɗin da aka yi ta kwafa su suka fi ba da shaida, domin su aka ji.

1.0 Gabatarwa



Diko gari ne na Gbagyi a Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, kusa da Suleja. Yawancin 'yan Nijeriya sun san sunan ne saboda mahaɗar da ke kan babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, inda hanyar Lambata da Minna ta ɓalle, ko kuma saboda gobarar tankar mai ta ranar 18 ga Janairu 2025 wadda ta ci rayukan mutum fiye da 80. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ba wanda ke ambaton garin idan ana zancen tarihin kiɗan zamani. Littattafan wannan fanni a kan Legas da Ibadan da Aba da Anaca suke tsayawa, don a can situdiyo da injinan buga faifai suke. An rubuta tarihin masu yin kiɗa, an bar na masu jin sa, alhali su suka fitar da kuɗi suka sayi batir.

Nazarin kiɗan Hausa shi ma da tasa iyakar. Tun daga aikin David Ames da Anthony King na 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa, zuwa ɗimbin kundayen digiri a kan makaɗan fada da na jama'a, an fi karkata ga abin da Bahaushe ya kaɗa da hannunsa. Abdalla Uba Adamu ya buɗe ƙofar nazarin tasirin kiɗan Indiya da na zamani a kan matasan Kano. Amma abin da direba da malamin firamare da ɗan ƙwadago suka saurara daga Jamaika a shekarun 1970 da 1980, a garuruwan da Hausa ce harshen kasuwa ko da ba ita ce harshen gida ba, yana nan yana jiran mai bi ta kansa.

2.0 Abin da aka tono a Beliz

Beliz ƙaramar ƙasa ce a gaɓar tekun Karebiyan, tana maƙwabtaka da Meziko da Gwatamala. Turawan Ingila suka mulke ta da sunan British Honduras, aka sauya mata suna a 1973, ta sami 'yancin kai ranar 21 ga Satumba 1981. A ƙarshen Oktoba 1961 guguwar da aka laƙaba wa suna Hattie ta ragargaza babban birninta. Abu biyu suka biyo baya. Gwamnati ta gina sabon babban birni a can cikin ƙasa, Belmopan, ta koma a 1970. Jama'a da yawa kuma suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka riƙa aiko wa 'yan'uwa kuɗi da tufafi da faya-fayai. Makaɗan Beliz suka tsinci kansu tsakanin iska uku: sol da fank daga Amurka, rege da kalifso daga tsibirai, da kiɗan Latin daga maƙwabta.

A 2005 kamfanin Numero Group na Shikago, wanda aka kafa a 2003, ya fitar da kundi mai suna Cult Cargo: Belize City Boil Up. A ciki akwai Lord Rhaburn, da The Professionals, da The Harmonettes, da Nadia Cattouse. Akasarin waƙoƙin daga kamfanin CES suka fito, na wani ɗan Beliz mazaunin Brooklyn, Compton Fairweather, wanda ainihin sana'arsa kayan lantarki ce. A lura da wannan. Taskar kiɗan Beliz a hannun ɗan ci-rani aka same ta a Amurka, mutumin da ya buga faya-fayan don 'yan ƙasarsu masu kewar gida.

Abu na biyu da ya kamata mu lura da shi, waƙoƙi da dama a kundin maimaici ne. The Professionals sun ɗauki Back Stabbers ta ƙungiyar O'Jays, sun kuma ɗauki kiɗan fim ɗin The Godfather sun ɗora a kan bugun rege. A wancan lokaci ana iya cewa kwaikwayo ne kawai na makaɗan otal. Shekara talatin bayan haka, wannan kwaikwayon shi ya ja hankalin masu saye, domin a cikinsa ake jin yadda kunnen ɗan Beliz ya karɓi baƙon kiɗa ya lanƙwasa shi. Jamaika kanta haka ta faro. Masu manyan lasifiku irin su Clement Dodd da Duke Reid da faya-fayan baƙaƙen fatar Amurka suka fara tara jama'a a titunan Kingston a shekarun 1950, kuma salon da ake kira rokstedi, wanda ya haifi rege wajejen 1968, cike yake da tasirin Curtis Mayfield da ƙungiyarsa The Impressions. Daga baya kamfanonin Ingila irin su Blood and Fire da Soul Jazz suka mayar da sake buga tsofaffin faya-fayan Jamaika sana'a mai zaman kanta.

3.0 Hanyar da kiɗan ya biyo zuwa Nijeriya

Hulɗar mutanen Karebiyan da Arewa ta girmi rege nesa ba kusa ba. Akwai su cikin ma'aikatan jirgin ƙasa na farkon mulkin mallaka, akwai su cikin 'yan mishan, kamar Rabaran W. A. Thompson da ya yi aiki da Likita Mila a ƙasar Zazzau. Tun 1933 kamfanin HMV ya fara sayar wa Afirka faya-fayan kiɗan Kyuba masu lambar GV, kalifson Tirinidad kuma ya shiga jikin hailaif a shekarun 1950.

Sol da fank sun shigo da ƙarfi a ƙarshen shekarun 1960. Geraldo Pino, ɗan Saliyo, ya girgiza Legas da salon James Brown da manyan kayan sauti, shi kansa James Brown ɗin ya zo Nijeriya a Disamba 1970. Jimmy Cliff ya zo a 1974, bayan fim ɗin The Harder They Come na 1972 ya ɗaga sunansa, aka tarbe shi tarbar sarakuna, ko da yake wata rigimar kwangila ta sa an tsare shi na ɗan lokaci. Wannan ya zo daidai da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, lokacin da ƙaramin ma'aikaci ya wayi gari yana iya sayen rediyo mai garmaho da babur. Nijeriya ta zama kasuwar rege da ta fi ƙarfin a raina. Kamfanin Virgin na Landan ya sayar da faya-fayan U-Roy da makamantansa a nan da yawan gaske, har ya buɗe reshe na rege zalla, Front Line, a 1978. Da gwamnatin soja ta tsaurara shigo da kaya daga waje a ƙarshen shekarun 1970, cinikin ya karye, reshen ma bai daɗe ba ya rufe. Ke nan aljihun ɗan Nijeriya ya taɓa yanke shawarar wane mawaƙin Jamaika za a ɗauka a Landan. Ba kasafai ake faɗin wannan ba.

Misalin da na fi so shi ne Sonya Spence. Sonia Pottinger, macen da ta yi fice a harkar shirya faifai a Kingston, ita ta fitar mata da kundin In the Dark a 1978. A Jamaika ba ta shiga sahun manya ba. A Nijeriya kuwa muryarta ta shiga ɗakunan amare da shagunan aski da motocin haya, musamman waƙar Jet Plane, wadda ita ma maimaici ce ta waƙar Ba'amurke John Denver. Wanda ya rubuta tarihin rege daga Kingston zai iya tsallake ta a layi ɗaya. Wanda ya rubuta shi daga Suleja dole ya ba ta babi. Haka Eric Donaldson, haka Eddy Grant ɗan Guyana, wanda ya yi aiki da Sonny Okosun har ya rera waƙa da Yarbanci.

Bayan rasuwar Bob Marley ranar 11 ga Mayu 1981, da faɗuwar darajar naira bayan tsarin SAP na 1986, faifan waje ya gagari talaka. 'Yan gida suka cike giɓin: The Mandators da Evi-Edna Ogholi a 1987, Ras Kimono da Majek Fashek a 1988, ga Lucky Dube daga Afirka ta Kudu da Alpha Blondy daga Kwaddebuwa. Duk a kaset aka fi jin su.

4.0 Rabon Arewa

Kamfanin Tabansi da ya fitar da kundin Majek Fashek, Prisoner of Conscience, a Kano ya fara harkarsa a shekarun 1950 kafin ya koma Anaca. Bongos Ikwue a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya goge a kiɗa yana ɗalibi. Bala Miller, ɗan Zariya, ya riƙe Kaduna da babbar ƙungiyarsa yana rera waƙoƙin zamani da Hausa. Ƙungiyar Elcados da ta yi tashe a Arewa ta samu shiga kundin Nigeria Rock Special da kamfanin Soundway ya fitar a 2008. Hawan dabar bikin FESTAC na 1977 a Kaduna aka yi shi. Saboda haka zancen cewa Arewa kalangu da kukuma kawai ta sani a wancan zamani ba shi da makama. Mutumin da ya kama Rediyon Kaduna da safe ya ji Shata ko Ɗanƙwairo, shi ne da yamma zai sa kaset ɗin Jimmy Cliff yana wanke babur, kuma bai ga wani karo a tsakani ba.

Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya bayyana yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar kwafar kaset, da yadda dusashewar sauti da hoto ta zama wani ɓangare na yadda jama'a suka san waƙa da fim. Wannan bayani nasa ya shafi Diko kai tsaye, don abin da ya iso ƙauye kwafin kwafi ne.

5.0 Diko da Suleja: wuraren da aka ji kiɗan

Ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, a ranar kuma aka kafa dokar sabon babban birnin tarayya. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Hukumar raya sabon birnin a Suleja ta fara kafa sansaninta, kuma har zuwa 12 ga Disamba 1991 da gwamnati ta tare, ma'aikata da 'yan ƙwadago da 'yan kwangila daga ko'ina a ƙasar nan a wannan yanki suke neman wurin kwana. An kuma tashi wasu ƙauyukan Gbagyi daga cikin birnin aka tsugunar da su a wurare irin su Sabon Wuse. Shekarun da rege ya fi tashe a Nijeriya su ne daidai shekarun da wannan yanki ya cika da baƙi matasa, marasa iyali a kusa, masu albashi a aljihu. A nan sauya babban birni ne ya motsa mutane, mutanen kuma suka taho da kiɗansu.

Wuri na farko shi ne mota. Direban tirela da ya taso daga Legas ko Fatakwal zuwa Kano yakan yada zango a Tafa ko a mahaɗar Diko, ya ci tuwo, ya duba taya, karen mota ya kwanta a ƙarƙashi. Kaset ɗin da ke gaban motar ya riga ya yi tafiyar da babu gidan rediyon da zangonsa ya kai haka. Mai shayi ya ji, ya tambayi sunan mawaƙin, washegari ya aika a kwafo masa. Hotunan Bob Marley da zaki da launukan ja da ruwan ɗorawa da kore da masu fenti suka riƙa zanawa a bayan manyan motoci, gefe da gefe da addu'o'i da karin magana, shaida ce da ta yi yawo a kan titi shekara da shekaru.

Na biyu shi ne teburin mai kaset a kasuwa. Rikoda mai baki biyu, batirin mota a ƙarƙashin tebur, lasifika a ɗaure a jikin turken rumfa. Mai saye yakan zo da kaset ɗinsa fanko, mai minti 60 ko 90, ya faɗi abin da yake so, ko ya yi ɗan gunaguni da karin waƙar idan bai san sunanta ba. Mai kaset ya rubuta sunayen da biro a jikin takardar, yadda kunnensa ya ji su. Ba a bin tsarin kundin da aka yi a Kingston. Gefe ɗaya Sonya Spence da Don Williams, ɗaya gefen Ɗanmaraya Jos, in wuri ya rage a cike da waƙar fim ɗin Indiya. Na taɓa zama a shagon wani mai gyaran rediyo a Suleja yana zazzage wani tsohon kwali da mai shi bai dawo ya karɓa ba. Zaren wani kaset ya tsinke an liƙe shi da jan farce, wani an toshe ramukan samansa da takarda don a sake ɗaukar wani abu a kai. Ya zura biro ya naɗe zaren, ya goge kan rediyon da auduga da sifirit, ya danna. Sautin sama duk ya tafi, sai bes da ganga suka rage, amma ya bi waƙar tun daga farko har ƙarshe, da Turancin da shi kaɗai ya san ma'anarsa. A wurinsa haka waƙar take, kuma in aka sa masa wadda aka wanke a Landan zai ce an rage mata nauyi.

Na uku shi ne wuraren shaƙatawa: otal-otal, gidajen giya, dandalin bikin Kirsimeti da na aure. A nan ne aka fi amfani da faifai na gaske, don mai gidan yana da janareto da garmaho. Bayan shekara ta 2000, da Jihar Neja ta shiga sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da Shari'a aka tsananta dokar sayar da giya, irin waɗannan wurare da yawa suka rufe ko suka sauya sana'a. Ko kafin haka ma kiɗan yana ɗauke da tabo. Iyaye, Musulmi da Kirista, sun haɗa rege da wiwi da gashin dada, kuma a al'adar da ba ta ɗauki maroƙi a bakin komai ba, yaron da ya rataya jita ya san abin da za a ce da shi. Wannan ya sa dattijon da a yau yake sahun gaba a masallaci ko yake dattijon ikilisiya ba zai fara ba ka labarin rawar da ya taka a 1979 ba sai ya yarda da kai. Mai bincike ya tafi da haƙuri, kada ya tafi da takardar tambayoyi mai akwatunan cikewa.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci a Diko, shi ne coci. Mishan ɗin SIM ta kafu a garin tun zamanin Turawa, ikilisiyar ECWA da ta fito daga cikinta a 1954 tana da ƙarfi a nan. Da jita da ganga da piyano suka shiga majami'u, matasan da suka riƙe su da bugun da suka saba ji suka zo. Wanda ya saurari ƙungiyoyin matasa suna rera waƙoƙin yabo da Hausa ko Gbagyi zai ji jita tana sara a tsakanin bugu, bes yana tafiya a hankali a ƙasa. Rege ne, ko da mai kaɗawar an haife shi bayan rasuwar Marley. Haka a ɗaya ɓangaren, piyanon Yamaha da situdiyoyin Kano suka dogara da shi wajen waƙoƙin fim tun shekarun 1990 yana zuwa da bugun rege a cikinsa, danna maɓalli kawai ake yi. Kiɗan bai ɓace ba balle a gano shi. Na'urar da ke ɗauke da shi ce ta mutu, sau uku: faifai, kaset, sidi. Yanzu yana cikin memori a wurin masu turi.

6.0 Ma'auni biyu

Mai tono yana neman faifan da aka buga kaɗan, wanda bai karɓu ba a zamaninsa, wanda ya kwana a kwali ba a taɓa ɗora masa allura ba. Shafin Discogs, da aka buɗe a 2000, ya tsara wannan da matakai, daga sabo fil zuwa wanda ya lalace, kuma farashi yana bin matakin. A wannan ma'auni, faifan Jimmy Cliff da aka buga dubbai, aka yi ta juyawa a wani otal a Suleja har ramukansa suka shafe, mai shi ya rubuta sunansa da fenti a tsakiya don kada a sace, bai kai kuɗin motar zuwa ɗauko shi ba. Ga mai nazari kuwa kowane tabo magana ne. Waƙar da ta fi karcewa ita aka fi so. Hatimin shagon da ke bayan kwalin yana nuna hanyar ciniki, ko daga Anaca ya zo ko daga Sabon Garin Kano. Sunaye biyu ko uku a jiki suna nuna hannuwan da ya ratsa.

Ba ina zargin masu tono ba ne. Ba don Strut da kundin Nigeria 70 na 2001 ba, da Soundway, da Luaka Bop da ya fito da William Onyeabor a 2013, da aikin Uchenna Ikonne a kan makaɗan bayan yaƙin basasa, da abubuwa da yawa sun bi shara, wasu tsofaffin makaɗa kuma sun ga kuɗin da ba su taɓa tsammani ba. Sai dai zaɓinsu na kunnen mai saye ne a Landan da Tokiyo, kuma idan muka bar musu rubutun, jikokinmu za su ɗauka abin da ba a saya ba shi aka fi ji.

Labarin Mamman Sani na Nijar ya isa misali. Ya ɗauki kiɗansa na ogan a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, aka yi kaset kaɗan. Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kaset ɗin a wani ɗakin adana kayan kiɗa a Yamai, ya sake fitar da shi a 2013, duniya ta yi ta mamaki. A Nijar kuwa shekara da shekaru ana sa wannan kiɗa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, yara sun tashi da shi a kunne. Ƙarancin kaset ɗin bai ce komai ba game da yawan waɗanda suka ji shi.

7.0 Adanawa da haƙƙin masu abu

Yanayinmu ba ya raga wa waɗannan kaya. Faifan roba yana lanƙwashewa idan aka jibge shi a kwance a ɗakin kwano lokacin bazara, faifan garmaho na da mai gudu 78 fashewa yake yi, zaren kaset yana yin fumfuna da damina, gara kuma tana cin kwali, wanda a nan rubutun yake. Abin da za a fara yi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a ɗauki hoton kowane kaset da faifai gaba da baya kafin a taɓa shi, a rubuta wanda ya mallake shi da inda ya saya, sannan a juye sautin a kwamfuta yadda yake, ba tare da wankewa ba, a tsarin da ba ya matse sauti. Wanda yake da shekara 20 a 1978 yanzu ya doshi 70, don haka hira da mutane ita ce ta gaggawa, kwalayen za su iya ɗan jira.

Akwai inda aka gwada. John Collins ya kafa taskar Bokoor a Akara a 1990, ambaliyar 2011 ta yi mata ɓarna, darasin ke nan na ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. A Gini, Graeme Counsel ya juye waƙoƙi fiye da 9,000 daga taskar gidan rediyon ƙasar da tallafin shirin ceto taskoki na Laburaren Birtaniya. A gida muna da Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da jami'o'in Minna da Lapai, waɗanda ɗalibansu 'yan wannan yanki za su fi kowa iya shiga gidajen. Sharaɗina ɗaya, kwafi guda ya zauna a Diko, inda masu kayan za su iya zuwa su ji.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba sautin da aka ɗauka kariyar shekara 50, waƙar kanta kuma shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ta kuma ba laburare da ma'adanai damar yin kwafi don adanawa. Saboda haka juyewa don nazari yana da madogara, amma ɗora waƙoƙin Jamaika a intanet da sunan taskar Diko wata magana ce daban, kuma ba shi ne abin da muke nema ba. Inda aka fi buƙatar taka-tsantsan shi ne abin da doka ba ta hango ba. Kaset a wancan zamani shi ne takardar wasiƙar wanda bai iya rubutu ba. Sau da yawa a tsakiyar waƙar Eric Donaldson sai kiɗa ya yanke, muryar wani ta shigo yana gaida Inna da Baba, yana bayanin kuɗin da ya aiko da bashin da za a biya, ko a ji guɗar biki, ko wa'azin jana'iza. Irin wannan sai an koma wurin iyalan an sa musu sun ji, su faɗi abin da za a ajiye a taska da abin da za a mayar musu, a kuma rubuta amsarsu a takardar da ke tare da kaset ɗin.